Ranar da Malam Ya Ƙi Ƙetare Mashigi

Yau kwana goma sha biyu ke nan da aka fita da Malam ta ƙofar zaure, har yanzu ba a naɗe tabarmin ƙofar gida ba. Ni ban iya rubutu ba. Ɗan ƙanwata da ke aikin akawu, wanda shi ma furfura ta fara taɓa shi, shi ne ya zauna a bakin ƙofar ɗakina da takarda, ina faɗa yana rubutawa. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, in na yi kuka ya jira ni.

Ina cikin takaba, ban ga mazan da suka zo ba, muryoyinsu kawai nake ji ta bayan katanga. An ce mini ranar sadakar uku direbobin tashar Haɗeja sun jera motocinsu tun daga ƙofarmu har kusa da bakin kasuwa, kuma yinin ranar ba wanda ya danna ham. Akwai waɗanda suka zo daga Malam Madori, akwai na hanyar Jahun. Wasunsu na san sun sha yi masa dariya yana raye. Su ne suka fi daɗewa a kan tabarma.

Cikin gida kuwa mata ne. Wadda ba zan manta ba ita ce wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi daga wajen Auyo. Ta shigo tana dogara sanda, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta zube a gabana.

"Wayyo Sai-Gobe! Wayyo mai taurin kai!"

Sai-Gobe shi ne sunan da 'yan tasha suka laƙaba masa, wai in ka shiga motarsa yau, sai gobe za ka isa.

"Shekara ashirin mutumin nan yana sauke ni a ruwa," in ji ta. "Zanena ya jiƙe, kifina ya yi laushi, kasuwa ta watse kafin mu isa. Ba zagin da ban yi masa ba. Na zagi motar, na zagi wanda ya ƙera motar. Ga ni nan da ƙafafuna biyu da haƙorana huɗu, ba ko ɗaya da mota ta cire mini. Yanzu motar wa zan shiga?"

Matan ɗakin suka yi dariya da hawaye a fuska. Ni ma na yi.

Kowa da yabo ya zo, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma ni na zauna da shi shekara arba'in da 'yan kai, kuma goma sha biyar na ƙarshe na yi su da abu ɗaya tokare a ƙirjina. Saboda Malam ban ga rasuwar mahaifiyata ba, ni kuma na ƙi yafe masa. Ba wanda ya san haka sai ni da shi. In za a tuna da Malam, ina so a tuna da shi har da wannan, domin in an cire shi, ba Malam aka tuna ba.

Da aka kawo ni gidansa babu mota a ƙasar nan. Jakuna yake kora, yana kai kifi da kanwa kasuwanni. Iyayena mutanen gabas ne, kakannina daga bakin Tafkin Chadi suka taso suka zauna a wani ƙauye a ƙetaren kogi, shi ya sa in yana cikin raha "'yar Barebari" yake kirana. Bayan jirgin ƙasa ya iso Malam Madori, wani Kwara, irin fararen Larabawan nan 'yan kasuwa, mai sayen gyaɗa ya kawo mota. Ya lura Malam ba ya dukan jakunansa, ya ce irin wannan mutumin yake so ya riƙe masa inji. Haka aka koya masa tuƙi yana da 'ya'ya uku.

Motar ba irin sauran ba ce. Sauran akori-kura da ke zuwa daga Kano kansu na katako ne, kafintoci ke haɗawa. Ita kuwa kanta ƙarfe ne tun daga inda aka ƙera ta, in an rufe ƙofarta har cikin ɗakin nan nake jin ƙarar. Kwaran ya gaya wa Malam, Malam ya gaya mini, wai a wata ƙasa ake yin ta can ƙarshen Turai, inda sanyi ke daskarar da kogi har mutum ya taka ya wuce. Wai hanyoyinsu ba su da kyau, motocin wasu ƙasashe in an kai can sai su wargaje, shi ne mutanen suka ce bari su yi tasu da ƙarfen ƙasarsu, su yi ta yadda ko ta faɗi, na cikinta zai fito da ransa. Ni ban ga ƙasar ba, ban ga kogin da ake takawa ba. Amma mutanen Haɗeja sun ji labarin, suka sa wa irin motar suna 'Yar Ƙanƙara, har yau da shi ake kiranta.

Tana da nauyi, tana shan mai, ba ta da gudu. Uku ya riƙe a rayuwarsa, duk iri ɗaya. Ta farko ta Kwaran ce, daga baya ta zama tasa. Lokacin babban yaƙin Turawa, da kayan gyara suka ɓace, maƙeran garin nan ne suka riƙa ƙera masa abin da ya karye, kuma ita ce ta rage a hanya sa'ad da motocin tasha da yawa suka kwanta. Ta biyu bayan yaƙi ya same ta. Ta uku ga ta can ƙarƙashin bishiyar maina, an lulluɓe ta da tamfol.

Ƙanensa shi ma direba ne, amma shi mai son gudu ne, motarsa mai kan katako ce, marar nauyi. In ya zo cin tuwo gidan nan ba ya barin yayansa ya huta.

"Yaya, wannan giwar taka, ka rabu da ita ka nemi mota mana. Jiya na je Malam Madori na dawo, na sake komawa, na tarar da kai inda na bar ka."

"Ka tarar da ni lafiya?"

"Lafiya ƙalau, kana barci gindin tsamiya, fasinjoji suna kore maka ƙuda."

"To, alhamdu lillahi."

Sai ƙanen ya juyo wajena ya ce, "Matarmu, in ya ce miki ya tafi Kano, ki shuka gero. Zai dawo ya tarar da kunu."

Maganar barcin gaskiya ce. Sauran direbobi in barci ya kama su goro suke tauna su ci gaba. Malam kuwa sai ya nemi inuwa ya tsaya, ya shimfiɗa buzunsa, ya ce wa mutane su yi haƙuri idonsa ya yi nauyi. Kowace safiya sai ya zagaya motar ya daki tayoyinta ɗaya bayan ɗaya yana saurare, kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Kafin ya kai ƙarshen layinmu sai ya taka birki sau uku, har maƙwabta suka san fitarsa da wannan ƙarar. Ba ya ɗora mutum a saman buhuna ko da za a roƙe shi da girman Allah. Na taɓa jin wani saurayi yana yi masa magiya a ƙofar gida, wai shi ya saba, zai riƙe igiya. Malam ya ce masa, "Buhu in ya faɗo zan sauka in ɗauka. Kai in ka faɗo, me zan je in gaya wa uwarka?" Gidan gaba kuma, kusa da shi, ba na mai kuɗi ba ne. Mace mai ciki ko marar lafiya yake sa wa, ko alhaji ne sai ya hau baya da kowa.

Amma abin da aka fi saninsa da shi sandarsa ce. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san in damina ta yi nisa kogi ba ya zama inda aka bar shi. Yakan fantsama cikin fadama, ya rufe gonakin shinkafa, ya hau hanyar mota. Akwai mashigi a hanyar ƙauyenmu inda mota ke ratsa ruwa. Malam yana da doguwar sanda da ya yi wa tsaga uku da wuƙa. In ya iso mashigi sai ya tsaya, ya naɗe wando, ya shiga ruwan da ƙafarsa har tsakiya, ya kafa sandar. In ruwa bai wuce tsaga ta farko ba, a ƙetare da mutane a ciki. In ya kai ta biyu, kowa ya sauka. Yakan ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, mutane su ratsa suna riƙe da ita, shi kuma ya ƙetare da motar shi kaɗai. In ruwa ya taɓa ta uku, ba mota, ba igiya, ba kowa.

Har Bature bai tsira ba. Wata shekara motar wani Baturen gona ta lalace, aka haɗa shi da Malam ya kai shi duba shinkafa. A mashigi ruwa ya kai tsaga ta biyu. Malam ya buɗe masa ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, sai a sauka." Baturen ya duba agogo, ya yi magana ta bakin tafinta cewa shi a ciki zai zauna. Malam ya kashe inji ya koma gefe ya zauna a kan ciyawa. Tsohuwar nan mai kifi tana cikin motar ranar, ita ta ba ni labarin. Ta ce da Baturen ya gaji da jira sai ya cire takalma ya rataya a wuya, ya kama igiya, ƙafafunsa farare kamar rogon da aka feƙe, ita tana bayansa da kwandonta a ka tana ce masa, "Riƙe da kyau, ɗan nan, kada ka jiƙa mana gari da shari'a." Da suka fita Baturen ya karɓi sandar ya juya ta, ya ƙirga tsagogin, ya mayar masa.

Ina jin irin waɗannan labaran ina dariya, ina alfahari. Ban san za a auna ni da sandar ba.

Ranar Talata ce, cikin watan da shinkafa ke fitar da kai. Da sassafe wani masunci daga ƙauyenmu ya yi sallama, ya ce Inna, mahaifiyata, tana jin jiki ƙwarai, tun jiya sunana take kira. Ya ce shi da gorarsa ta su ya ƙetaro. Malam bai bari na gama ɗaura mayafi ba ya tayar da mota. Dama ranar kasuwar wajen ce, mutane suka hau baya, ni ya sa ni a gaba. Ranar har gudu ya yi, irin nasa.

Da hantsi muka iso mashigi. Ruwan ja ne, yana tafe da ciyawa da karan dawa. Ya naɗe wando ya shiga. Ina kallonsa ta gilashi, ya kafa sandar, ya daɗe yana duban ta. Ya matsa gaba ya sake kafawa. Sannan ya fito ya zo wajen ƙofata, ya nuna mini. Jiƙar ta wuce tsaga ta uku da faɗin yatsa biyu.

Na ce, "Malam, yatsa biyu ne."

Ya ce, "Na gani."

"Ka sauke mutane, mu biyu mu ƙetare."

"Ba zan shiga da ke ba."

"Ɗaura mini igiya in ratsa."

"Zai ɗauke ki. Ni kaina da ƙyar na tsaya."

Jirgin fito ɗaya ne a wurin, kuma mai shi ya tafi da shi kwaso mutanen wata ruga da ruwa ya zagaye. Aka ce sai la'asar zai dawo. Muna cikin haka sai ga ƙanensa da motarsa, cike da mutane har saman kaya. Ya ji abin da ke faruwa, raha ta bar fuskarsa.

"Yaya, ba ni ita in kai ta. Na ƙetare jiya da yamma."

"Ruwan jiya ya wuce, wannan na yau ne. Kai ma kada ka shiga."

"Yaya, uwarta ce fa."

"Na san ko wace ce."

Na sauko na nufi motar ƙanen. Tunda aka yi aurenmu Malam bai taɓa riƙe ni a gaban mutane ba, sai ranar. Ya kama hannuna ya ce, a hankali yadda ba wanda zai ji, "Ban yarda ba." Na ce masa, "Sakar mini hannu, mutane na kallo." Ya sake ni, amma ya tsaya tsakanina da ƙofar motar.

Ƙanen ya shiga ruwa. Ina tsaye ina kallo. Motar ta yi tangaɗi a tsakiya, bayanta ya goce, mata suka yi salati, ruwa ya shiga har cikin bodi. Sai ta kama ƙasa ta haye. Ta fita lafiya. Ba wanda ko hularsa ta faɗi. Na ga bayanta tana hawa gangare tana tsiyayar da ruwa, ta bi hanyar ƙauyenmu.

Da a ce ta nutse, da na san abin da zan yi da zuciyata. Amma ta ƙetare a kan idona.

Mai fito ya dawo bayan la'asar. Muka shiga ni da Malam, ya bar motar da mutane a gaɓa, muka ƙarasa sauran hanyar da ƙafa. Rana na shirin faɗuwa muka shiga ƙauye, muka gamu da maza suna dawowa daga maƙabarta da fartanyu a kafaɗa. Ashe tun da azahar Inna ta cika. Ƙanwata ta ce har kusa da ƙarshe tana tambaya ko an ji ƙarar mota. Da motar ƙanen mijina ta shigo gari, wai ta ɗaga kai ta ce, "Ga ta nan."

Ban yi masa faɗa ba. Ban yi yaji ba, ban kai ƙara wajen kowa ba. Na dawo na ci gaba da tuƙa tuwo, ina wanke masa kaya masu warin mai. Abu biyu kawai na daina. Ban sake shiga motarsa ba, ko biki ne sai in tafi a ƙafa ko a jirgi. Kuma da, kowace safiya nakan raka shi bakin zaure in yi masa addu'ar hanya. Na daina. Sai ya riƙa tsayawa a bakin zauren yana gyara hula, yana laluben aljihu kamar ya manta wani abu, sannan ya fita. In na ji birkin nan sau uku, sai in yi addu'ar a cikina, inda ba zai ji ba. Shekara goma sha biyar yana tsayawa gyaran hula.

Sau biyu ya taɓo maganar. Na farko bayan arba'in ɗin Inna, ya ce, "Ki yafe mini abin mashigi." Na ce, "Ai Allah ne ya ƙaddara." Ya ce, "Ba shi na tambaye ki ba." Na tashi na fita duba tukunya.

Na biyu bayan haɗarinsa ne. Da mota ta biyu, yana ɗauke da gyaɗa zuwa Malam Madori, tayar gaba ta fashe a kan gangare, motar ta juya ta faɗa rami ƙafafunta a sama. Waɗanda suka gani daga gona ba su ko matsa kusa ba, suka sheƙo gari da labari. Mata suka cika gidan nan, har an fara shimfiɗa tabarmi. Ni kuwa na zube a ƙasa a tsakar gida ina cewa a raina, ya tafi ban faɗa masa ba. Sai ga shi a kan jakin wani manomi, da ƙujewa a goshi, hularsa a hannu. Buhuna sun murƙushe bodin baya, amma kan ƙarfen nan bai lotsa ba. Ƙofa ya buɗe ya fito. Gilashin gaba ma bai watse ya yanke shi ba, tsagewa ya yi kamar saƙar gizo-gizo ya tsaya a wurinsa. Mutane suka yi ta zuwa kallo har kwana uku. Ƙanensa ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa kan, ya ce, "Yaya, da tawa ce da yanzu ana tsince ni da cokali." Daga ranar bai ƙara ce mata giwa ba.

Da mutane suka watse, ina gasa masa goshi da ruwan zafi, ya ce, "'Yar Barebari, an ce kin faɗi."

Na ce, "Santsi ne."

"A tsakar gida, da rani?"

Na ci gaba da gasa masa goshi. Ya ce, "Yau da na tafi, da na tafi da abin nan a wuyana." Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma sai na ga bayan motar nan tana hawa gangare tana tsiyayar da ruwa. Na ce, "Juyo in ga ɗaya gefen."

Na faɗi wannan ne don a san ba shi ne mai taurin kai shi kaɗai a gidan nan ba.

Shekaru suka tafi. Abokan da suka fara tuƙi tare suka yi ta raguwa. Wani a hanyar Kano, kan katakon ya rufta masa. Wani barci ya ɗauke shi ya shiga kuka. Wani a mashigi, ba namu ba, wani can gabas, shi da mutanen da ya ɗauko, sai bayan kwana biyu masunta suka gano su. Duk matansu na je musu gaisuwa. Ba wadda ta ga fitar ran mijinta a cikinsu. Wata ma ba a bari ta ga gawar ba. Ƙanen Malam Allah ya bar shi da rai, amma da sanda yake tafiya yanzu, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa.

A bara, ana ta maganar mulkin kai a tasha, wani ya zo wa Malam da labari daga Kano, wai masu ƙera 'Yar Ƙanƙara sun fara sa wata ɗamara a kujerar ƙananan motocinsu, a ɗaure mutum da ita don kada ya fita in an yi karo. 'Yan tasha suka yi ta dariya, wai za a ɗaure mutum kamar akuya. Malam ya dawo gida yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce, "Kin ji? Mutanen nan ba su san ni ba, ban san su ba, amma tunaninmu ɗaya." Ya so ya ga ɗamarar da idonsa. Bai samu ba.

Ciwon ya fara masa da kumburin ƙafa bayan girbin shinkafa. Shi da kansa ya ajiye tuƙi, ya ce ƙafar da ba ta jin birki ba ta da hurumin ɗaukar 'ya'yan mutane. Wata biyu yana kwance. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne sai ya sa aka kira mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, 'ya'yansa, maƙwabta, 'yan tasha. Da ƙanensa ya shigo suka daɗe. Na ji ƙanen yana kuka yana cewa, "Yaya, ni ne zan roƙe ka, ranar nan da na ji maganarka da ban sa matarmu ta ga abin da ta gani ba." Ashe shi ma yana ɗauke da nasa.

Ni ce ta ƙarshe. Da hantsi ne, na kawo masa kunun tsamiya, na tallafo kansa. Ya kurɓa sau biyu ya kawar da kai.

"Saura ke."

"Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba."

"Wannan kowa ya faɗa. Har da mashigi?"

Na ajiye ƙwaryar. Na ce, "Malam, in tambaye ka abu ɗaya, ka gaya mini gaskiya. Da za a mayar da mu ranar nan, ka san motar ƙanenka za ta haye lafiya, ka san Inna za ta cika da azahar, za ka ƙetare da ni?"

Na ɗauka zai ce i. Mutum yana bakin tafiya, yana neman kalma ɗaya daga wajena, me zai hana ya ce i?

"A'a," in ji shi. "Ranar ban sani ba, kuma ba direban da ke sani. Ruwan kawai na sani. In na ce miki i, na yi miki ƙarya ina kwance a nan. Na hana ki uwarki, na san na hana ki. Ba ranar da na ratsa mashigin nan ban tuna ba. Amma ba zan shiga da ke ba."

Na dube shi. Tsoho ne a kan tabarmarsa, a ɗakinsa, kansa a kan hannuna, jikinsa cikakke ba abin da ƙarfe ya cire masa. Jikokinsa suna wasa a tsakar gida. Na tuna matan abokansa da aka kawo wa labari daga bakin hanya. Sai na gane halin da ya hana ni zama kusa da Inna, shi ne ya dawo mini da mutumin nan gida kowace yamma shekara da shekaru, shi ne kuma ya kawo shi ya kwanta a hannuna. Ba zan karɓi ɗaya in ci gaba da ƙin ɗayan ba. Da ya ce mini i, ina jin da ban iya yafe masa ba.

Na ce, "Na yafe maka mashigi, Malam. Duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini shekarun da na bar ka kana tsayuwa a zaure."

Ya ce, "Ai na san kina yi mini addu'ar ta bayan asabari."

Na yi kuka har kunun ya huce. Shi kuwa ya ce in ɗumama masa, yunwa yake ji. Ranar ya shanye ƙwaryar duka.

Kwana biyu ya ƙara. Ban matsa daga gefensa ba. Abin da ban samu na yi wa Inna ba, shi na yi wa. Ni na riƙa jiƙa masa leɓe da ruwa, ni na juya shi ya fuskanci alƙibla, ina faɗin kalmar shahada yana bi na a hankali har muryar ta ɗauke. Ranar Alhamis ce, rana ta ɗan ɗaga. Da hannuna na rufe masa ido.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo. Ya ɗauki 'ya'yan mutane shekara da shekaru ya mayar wa iyayensu da su. Ka yafe masa kamar yadda na yafe masa, ka fi ni saurin yafewa. Ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da Inna a inda ba ruwan da zai raba mutum da nasa. Wanda duk ya karanta wannan, ko aka karanta masa kamar yadda za a karanta mini, ya yi masa addu'a.